Maxima a ajin tattalin arziki: manhajar kyauta mai lissafi da haruffa, da wuraren da take tuntuɓe

Duk malamin da ya koyar da tattalin arziki a aji biyu ko aji uku na wata babbar makaranta a Kaduna ya san ranar da ɗalibai ke fara karaya. Bayanin buƙata da samar da kaya ba ya ba su wahala, domin yaron da aka saba aika cefane kasuwar Kawo ya riga ya san cewa tumatir yakan faɗi warwas da rani idan na lambu ya shigo, ya kuma yi tashin gwauron zabo da damina. Wahalar tana farawa ne a darasin da ɗalibai ke kira maikuro, wanda ke nazarin shawarar mai saye ɗaya da kamfani ɗaya da kasuwa ɗaya, ranar da aka cika allo da ikweshan uku ko huɗu aka ce a warware su lokaci guda. Daga nan sai aljabara ta cinye lokacin darasin, ɗalibi ya yi ta neman alamar ragewa da ta ɓace masa a layi na biyar, har a tashi ba a kai ga tambayar da ta tara mu ba, wato me amsar take faɗa game da halin mutane a kasuwa. Wannan ne ya sa nake aiki da manhajar Maxima tare da ɗalibaina, kuma a ganina ta cancanci a ɗora ta a kowace kwamfuta ta sashen tattalin arziki, da sharaɗin a san cewa lissafi ta iya, tattalin arziki kuwa ko harafi ɗaya ba ta sani a cikinsa ba.

Maxima tsohuwar hannu ce. Asalinta wata manhaja ce mai suna Macsyma da aka fara ginawa a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka a shekarar 1968. A 1982 aka miƙa kwafinta ga Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, wani malamin lissafi na Jami'ar Teksas, William Schelter, ya ci gaba da kula da wannan kwafi har ya rasu a 2001. Shi ne ya samu izini a 1998 ya sake ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke ba kowa damar amfani da manhaja da raba ta, kuma tun bayansa masu aikin sa kai ne ke riƙe da ita. Amfanin wannan lasisi gare mu shi ne malami yana da damar ya zuba ta a filashi ya raba wa aji guda, babu sata a ciki, babu kuma buƙatar neman manhajar da aka fasa makullinta, irin wadda kan zo da cutar da za ta cinye wa ɗalibi furojet ɗinsa ana saura mako guda ya miƙa. Babbar takwararta, Mathematica, wadda Stephen Wolfram ya fitar a 1988, da dala ake biyan lasisinta, kuma tun da aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk abin da ake biya da dala ya ƙara yin nisa da aljihun malami, balle na ɗalibi.

Mai Windows fayil ɗaya zai sauke daga shafinta da ke SourceForge, a cikinsa akwai ita Maxima mai yin lissafin, da wxMaxima wadda ita ce fuskar da ake rubutu a kanta, da gnuplot mai yin zane. Da zarar an ɗora ta ba ta ƙara neman intanet, kuma ba ta da nauyi, don haka kwamfutar gwanjo irin wadda yawancin ɗalibai ke riƙewa tana ɗaukarta salin alin. Akwai ta kuma ga masu Linux da Mac. Idan aka buɗe, farin shafi ne kawai: a rubuta umarni, a danna Shift da Enter tare, amsa ta fito a ƙasa da lambarta, %o1, %o2, haka har ƙasa, kuma ana iya kiran tsohuwar amsa da wannan lamba a sa ta cikin sabon lissafi.

Abin da ya raba ta da kalkuleta, ya kuma raba ta da Excel, shi ne tana lissafi da haruffa. A ɗauki misalin da littattafan maikuro ke farawa da shi, a kawo shi gida. Magidanci ya ware kuɗi m domin shinkafa da wake a wata, farashin mudun shinkafa p ne, na mudun wake q, kuma mun ƙaddara gamsuwarsa tana bin tsarin da Charles Cobb da Paul Douglas suka yi suna da shi a 1928 wajen nazarin masana'antun Amurka, kafin a aro shi zuwa nazarin mai saye. Layi ɗaya ya isa a rubuta ikweshan ɗin Lagrange, wato hanyar neman gamsuwa mafi yawa ba tare da an wuce kuɗin da ke hannu ba, L: a*log(x)+(1-a)*log(y)+k*(m-p*x-q*y), inda x ne yawan mudun shinkafa, y na wake, a kason kuɗin da ke tafiya a shinkafa, k kuma harafin da ke ɗaure lissafin da iyakar kuɗin, sannan a sa umarnin diff ya fitar da sauyin L ta fuskar x da y da k, a miƙa ukun ga umarnin solve. Kafin a ɗaga hannu daga madannai amsa ta fito, cewa shinkafar da zai saya ita ce a*m/p, waken kuma (1-a)*m/q. Idan ana son lamba, umarnin subst zai cusa ta: kuɗin naira 60,000, kashi biyu cikin uku na shinkafa, mudu a naira 2,000, wake a naira 2,500, sai a samu mudu 20 na shinkafa da mudu 8 na wake. Shinkafa ta koma 2,500, sai ta ragu zuwa mudu 16, wake yana nan a mudu 8 bai motsa ba. Waɗannan alƙaluma na aji ne, na zaɓe su ne domin su rabu daidai.

A nan ne nake ganin darajar manhajar. Da lamba kawai aka ba ɗalibi, zai ga 8 sau biyu ya ɗauka katari ne. Amma da yake ƙa'idar ce gaba ɗaya a gabansa, yana iya dubawa da idonsa ya ga babu harafin p ko ɗaya a cikin lissafin wake, wato wannan tsari ya riga ya yanke hukunci tun daga farko cewa tsadar shinkafa ba za ta taɓa shafar waken da ake saye ba. Daga nan sai hannaye su tashi a aji, wani ya ce, “Malam, ai a gidanmu idan shinkafa ta yi tsada tuwon masara ake komawa, waken ma raguwa yake yi tunda da shinkafar ake dafa shi.” Wannan ita ce maganar da ya kamata a kwana a kanta, domin ta nuna wa ɗalibin cewa tsarin Cobb da Douglas zato ne da aka ɗauka saboda sauƙin lissafi, kuma kayan da ake ci tare da juna suna buƙatar wani tsari dabam. A da, lokacin da za a yi wannan muhawara shi ne aljabara ke cinyewa.

Misali na biyu ya fi tayar da jijiyoyin wuya, musamman tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Idan kuɗin ɗauko buhun masara daga Saminaka zuwa Kaduna ya ƙaru, wa zai biya, mai saye ko manomi? Rabin aji kan ce mai saye, domin ɗan kasuwa ba ya asara; sauran su ce manomi, domin shi ne ba shi da bakin magana. Sai a rubuta buƙata a matsayin a-b*P, kayan da ake kawowa kasuwa a matsayin c+d*(P-t), inda P shi ne farashi, t kuma ƙarin kuɗin mota, a ce wa solve ta daidaita su. Farashin da take bayarwa shi ne (a-c+d*t)/(b+d), kuma idan aka tambayi diff yadda yake sauyawa da t, sai ta ce d/(b+d). Ma'anar wannan ɗan gajeren rubutu ita ce nauyin yana rabuwa ne gwargwadon wanda ya fi iya janye jiki: ɓangaren da tashin farashi ko faɗuwarsa bai cika sa ya canza hali ba, shi ke ɗaukar kaso mafi girma. Da alƙaluman gwaji, buƙata 900-P/100 da samarwa P/50-300, kasuwa tana tsayawa a naira 40,000 da buhu 500. Ƙarin kuɗin mota na naira 3,000 yana kai farashin mai saye 42,000, abin da ya rage wa mai kawowa ya sauka zuwa 39,000, ciniki kuma ya ragu zuwa buhu 480. Mai saye ya ɗauki naira 2,000, ɗaya ɓangaren ya ɗauki 1,000. Wannan lissafi shi ne dai na harajin kaya, don haka da shi ake bayanin abin da ya biyo bayan ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, sai dai a lura cewa shi wancan kaso ne na farashi, ba tsayayyen kuɗi a kan kowane buhu ba.

Na uku ba ya buƙatar dogon bayani. Augustin Cournot, Bafaranshen da ya fara lissafin gasa tsakanin kamfanoni biyu a 1838, da masu sayar da ruwan marmaro ya buga misalinsa, mu kuwa muna da masu ruwan leda a kowace unguwa daga Rigasa zuwa Barnawa. Idan mafi tsadar farashin da za a iya sayen jaka shi ne a, kuɗin sarrafa ta kuma c, Maxima tana ba da farashin (a+n*c)/(n+1) ga kamfanoni n masu kama da juna. A sa 700 da 250: kamfani ɗaya shi kaɗai zai sayar a 475, biyu su sauko zuwa 400, tara su kai 295, umarnin limit kuma ya nuna cewa yawansu idan ya ci gaba da ƙaruwa farashi zai kusanci 250. Ɗalibi mai lura zai tambaya me ya sa a wasu sana'o'i masu yi sun yi yawa amma farashinsu ɗaya kuma bai sauka ba, sai a shiga zancen ƙungiyoyin masu sana'a da ke zama su tsayar da farashi, abin da lissafin Cournot bai yi zato ba.

Yanzu ga inda take da wuya. Makon farko yakan tafi ne a kan alamomin rubutu. Ruwa biyu ne ke ba harafi daraja, p:2000, alhali p=2000 ikweshan ce kawai da ba ta ajiye komai; mai bayyana fankshan kuma sai ya haɗa ruwa biyu da alamar daidai. Rubuta 2x ba tare da tauraro a tsakani ba yana jawo saƙon kuskure, kuma saƙonnin nata gajeru ne, cikin Turancin masu rubuta manhaja, ba sa nuna wa sabon shiga hanya. Mafi ɓata lokaci shi ne riƙonta: idan an ba p darajar 2,000 a saman shafi, za ta riƙe ta har sai an ce kill(p) ko kill(all), don haka wanda ya dawo daga baya yana neman ƙa'ida da haruffa sai ya ga lambobi sun shigo masa ba tare da ya gayyace su ba. Tana kuma da son rubuta amsa a birkice, ta sa -(a-1) a inda mutum zai rubuta 1-a, ɗalibi ya zaci amsarsa ta takarda ce ba daidai ba. Idan aka ba ta lamba mai ɗigo kamar 0.01, sai ta cika shafi da sanarwar cewa ta mayar da ita 1/100. Wani lokaci kuma takan tsaya ta yi tambaya ko harafi kaza ya fi sifili ko bai kai ba, wanda umarnin assume ke magancewa idan aka gaya mata tun farko cewa farashi da kuɗin shiga duk sun fi sifili. Duk waɗannan ana sabawa da su.

Akwai rauni na gaske a umarnin solve. Mai karatu zai lura na rubuta gamsuwar magidancin nan da log, kuma da gangan na yi. Idan aka rubuta ta yadda take a littafi, x^a*y^(1-a), aka miƙa mata ikweshan ukun, sau da yawa ko ta ce ta kasa ko ta dawo da baka biyu babu komai a ciki, domin hanyar da take bi wajen warware ikweshan da yawa a tare ba ta jure haruffa a matsayin ƙarfin lamba. Mafita ita ce a ɗauki log, tunda hakan ba ya canza jerin abin da mai saye ya fi so, ko a raba ikweshan ta farko da ta biyu da hannu kafin a ba ta, ko a haƙura da haruffa a koma lambobi ta hanyar find_root da mnewton. Duk ukun sai wanda ya san darasin ne zai yi tunaninsu.

Aibin da ya fi damuna kuwa ba ya zuwa da saƙon kuskure ko kaɗan. A ce gamsuwar wani gida ita ce 10*log(x)+y, inda x hatsi ne, y kuma kilon nama a naira 5,000, kuɗin wata naira 40,000. Hanyar Lagrange tana cewa a kashe naira 50,000 a hatsi, a sayi nama kilo -2. Maxima za ta buga wannan amsa da tsabta, daidai yadda ta buga mudu 20 na shinkafa, domin a wajenta lamba ce kamar kowace lamba. Kamar injin niƙa take: abin da aka zuba shi zai fito, ko da tsakuwa a ciki. Babu gidan da ke sayen ƙasa da sifilin nama. Abin da ke faruwa shi ne kuɗin duka su tafi a hatsi, nama ya fita daga cefane har sai kuɗin shiga ya haura 50,000, kuma babu mazaunin Tudun Wada ko Kakuri da yake buƙatar a yi masa bayanin wannan. Irin wannan matsala ce Harold Kuhn da Albert Tucker suka shimfiɗa wa sharuɗɗa a 1951, bayan William Karush ya riga su a 1939, amma solve ba ta duba waɗannan sharuɗɗa, haka nan ba ta tabbatar da cewa abin da ta samo ƙololuwar riba ce ko ƙasan asara. Mai amfani da ita ne zai duba. Ina yawan ganin kilo -2 ɗin nan a takardun aikin gida, an ja masa layi biyu a ƙasa alamar an gama.

A wannan fage dole a yi wa Excel adalci. Solver ɗin da ke cikinsa, wato sashen da ke nemo lamba mafi dacewa, yana da akwatin da ake yi wa alama domin hana lamba sauka ƙasa da sifili, don haka a matsalar nama zai tsaya a sifili ya ba da amsar da ta dace da hankali. Ga aikin da ya shafi lambobi zalla, kamar mai gidan gona a hanyar Zariya da ke neman haɗin masara da waken soya da dusa mafi arha wanda zai cika sinadarin da kaji ke buƙata, Solver ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma mutane sun riga sun saba da layuka da akwatunansa. Maxima ma tana yin wannan lissafi da kunshin simplex, wato hanyar da George Dantzig ya ƙirƙiro a 1947, amma ko a can sai an gaya mata ƙarara cewa buhu ba ya zama ƙasa da sifili. Abin da Excel ba zai taɓa bayarwa ba shi ne ƙa'ida. Lamba ɗaya yake bayarwa, idan farashi ya canza a sake danna shi. Ita kuwa Mathematica ta haɗa biyun, tana karɓar sharuɗɗan iyaka kai tsaye a cikin umarnin Maximize, saƙonninta da littafin jagorarta sun fi tsari, kuma masana tattalin arziki sun daɗe da rungumarta, har Hal Varian ya tace littafi guda a kan amfani da ita a wannan fanni a 1993. Sashen da ke da kuɗin lasisi ba zai yi nadamar sayenta ba.

Zanen Maxima ya wadatar ga aji. Umarnin wxplot2d yana fitar da layin buƙata da na samarwa a cikin shafin, a ga inda suka haɗu, kuma akwai hanyar sa zanen ya riƙa motsi idan aka ja farashi sama ko ƙasa, ko da yake bai kai santsin na Mathematica ba. Sanya suna a jikin layuka da inuwa a ƙarƙashinsu domin nuna rarar mai saye, wato tazarar da ke tsakanin abin da yake shirye ya biya da abin da ya biya, yana buƙatar haƙuri da kunshin draw.

Ɗaliban ajin ƙarshe su sani cewa ba wannan ce manhajar furojet ɗinsu ba idan aikin na tattaro farashi ne daga kasuwanni ko alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa domin a auna alaƙar da ke tsakaninsu. Wannan aikin EViews ne ko Stata, ko R da gretl ga mai son na kyauta. Wanda ke hangen aiki a banki ko kamfani bayan bautar ƙasa kuma zai fi cin moriyar Python, harshen rubuta manhaja, inda kunshin SymPy ke yin lissafin haruffa kwatankwacin na Maxima, sai dai hawansa ya fi tsawo ga wanda bai taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba, kuma zangon karatu ɗaya ba ya isa a koyar da shi a koyar da maikuro tare.

Tunda jarrabawa har yanzu da biro da takarda ake yin ta, tsarin da nake bi shi ne ɗalibi ya warware matsalar farko da hannu, ya tabbatar da ita a Maxima, sannan ya yi amfani da manhajar wajen canza zato ya ga abin da zai biyo baya, ya kuma rubuta jimla biyu a ƙarƙashin kowace amsa yana bayanin ko mai hankali zai aikata haka a kasuwa. Wajen ajiya, a zaɓi nau'in fayil na wxmx, domin shi ne ke riƙe umarni da amsa da zane gaba ɗaya, kuma a riƙa ajiyewa akai-akai saboda batirin kwamfutar gwanjo ba ya jiran kowa idan aka ɗauke wuta. Wayar salula ba ta buɗe irin wannan fayil, don haka wanda zai tura aikinsa a zauren WhatsApp na aji sai ya fitar da shi a matsayin HTML ko ya mayar da shi PDF tukuna, ya kuma haɗo da ainihin fayil ɗin domin malami ya sake gudanar da umarnin daga sama ya ga ko amsar za ta fito yadda aka rubuta.